Ranar da Ɗalibaina Suka Auna Kifin Mama

Kafin ku yanke mini hukunci, bari in faɗa da bakina: ni na jawo wa kaina. Ba wanda ya aike ni. Da na zauna a gida ina jiran takardar bautar ƙasa kamar sa'o'ina, ina kitso ina kallon kaset, da Mama ba ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwata da hanci ba.

Ga sababbin shigowa, sunana Scholastica, amma a layinmu na Sabon Garin Zariya ba mai wahalar da harshensa, Sikola kawai ake ce mini. Bara na gama jami'a a Samaru, na karanta ilimin halittu, ɓangaren kifi. Mama kuwa shekara ashirin da biyu ke nan tana sayar da kifin banda a kasuwar Sabon Gari. Tun rasuwar Baba, teburin nan ne uwarmu, shi ne ubanmu. Ranar da na ce mata kifi zan karanta, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Shekara huɗu a jami'a saboda kifi? Da kin zo rumfa na koya miki cikin sati biyu."

Yanzu da na gama, karatu ɗaya ya rage a idon Mama, sunansa Felix. Ɗan ƙawarta ne ta zumuntar mata a coci, yana aiki a wani banki a Kaduna. Ba shi da laifi, Allah ya sani. Dogo ne, yana da ladabi, takalminsa kullum kamar madubi. Matsalata da shi ɗaya: in muna hira sai in ji kamar ina cike fom. "Yaya gida? Yaya Mama? Mene ne shirinki na shekara biyar masu zuwa?" Mama takan ce, "Ba dole nake miki ba." Amma in ta faɗi hakan sau uku kafin a sauke tuwo, ku gaya mini sunan abin.

Sai ga Malam Kefas.

Ɗan ƙungiyar mawaƙa ne a cocinmu, yana koyar da aji biyar a wata firamare da ke bayan kasuwa. Siriri, mai tabarau, alli ba ya rabuwa da gwiwar hannun rigarsa ko ranar Lahadi. Wata rana bayan sujada ya tare ni a bakin ƙofa.

"An ce ke ce likitar kifi."

"Wa ya ce?"

"Mamanki. Amma ba da sigar yabo ta faɗa ba."

Na yi dariya ban shirya ba. Ya ce tun da damina ta kankama yaran ajinsa suka samu sabuwar sana'a: su sato gidan sauro daga gida, su tare rafi da shi, su kwaso duk abin da ke motsi. Ranar Litinin har tsaraba suka kawo masa, rabin bokiti na 'yan kifaye, babban cikinsu bai kai ɗan yatsa ba.

"Na san ba daidai ba ne, amma ban san yadda zan bayyana musu ba," ya ce. "Ki zo ranar Alhamis, minti arba'in kawai. Ba albashi fa. Sai lada da ruwan leda."

Na ce zan yi tunani. Ƙarya nake, tun kafin ya rufe baki na gama tunanin har da kayan da zan sa.

Ranar Alhamis na sa siket da riga na atamfa mai ruwan ganye, na ɗaura ɗankwali irin na manyan malamai, na sa takalmi mai ɗan tudu. Takalmin nan ban ƙara kai shi makarantar ba, don darasin farko a cikin taɓo muka yi shi. Na sa yaran suka tara yashi a bayan aji, muka yi tudu, muka ja 'yan layuka da tsinke. Na ce wannan kwatar gidanku ce, wannan ta kasuwa, wannan ta bakanike. Muka barbaɗa bulan wanki a nan, gutsuren leda a can, baƙin mai a gefe. Sannan Malam Kefas ya hau benci da gwangwani mai huji ya zama hadari.

Cikin minti ɗaya duk ƙazantar ta gangaro ta taru a rami ɗaya a ƙasa.

"Wannan ramin shi ne rafin Kubanni," na ce. "Daga nan ruwan ya wuce Galma, daga Galma ya faɗa kogin Kaduna. Duk abin da ka zuba a kwata, gidan kifi ka zuba wa."

Wata yarinya ta ɗaga hannu. Oby ke nan, 'yar Mama Oby mai sayar da crayfish da ogiri, daddawar mutanen Kudu, a layi ɗaya da Mama. Gajera, kitso biyu, baki kamar reza, Hausarta ta fi tawa gudu.

"Malama, to fitsarin da su Bamidele suke yi a bayan aji fa?"

"Shi ma."

"To ni na daina cin kifi."

Ajin ya tarwatse da dariya, hadarin da ke kan benci ya kusa faɗowa.

Sati uku muka yi haka. Na koya musu bambancin karfasa da tarwaɗa da kurungu. Na koya musu cewa karfasa a bakinta take rainon 'ya'yanta, abin da ya sa 'yan matan ajin suka ce daga yau ita ce ƙawarsu. Na ce duk kifin da aka kama kafin ya yi ƙwai, an cinye abincin baɗi ne tun bana. Muka yi doka: karfasar da ba ta kai rabin rula ba, a mayar da ita ruwa. Muka kuma sa ranar da za mu je Kubanni su koyi fatsa da hannunsu.

Duk yamma kuma wayata Nokiya sai ta yi ƙara da saƙon Malam Kefas.

"Malamar kifi, yau Oby ta auna kifin gwangwanin da ke cikin burodina. Ta ce in mayar da shi ruwa."

Ni kuma in rubuta, "Ka bi doka, Malam."

"Na bi. Na mayar da shi ciki, na bi shi da ruwa."

Ku daina wannan kallon. Maganar aiki ce.

To, ranar Alhamis ta huɗu, bayan an tashi daga makaranta, na biya gida na ɗauko wa Mama abincin rana a kula. Tun daga bakin layin 'yan kifi na hango taro a gaban teburinmu. Na zaci gobara ce ko ɓarawo. Da na matso sai na ga yunifom. Yara bakwai, kowa da rula a hannu, sun jeru kamar ma'aikatan duba-gari. A gefe kuma ga Felix, ya zo daga Kaduna gaishe da Mama, da farar riga da nakatayal, yana ta goge hanci da hankici wai mura yake yi. Ba mura ba ce. Hayaƙin banda ne.

Oby ta ɗauki kifi ɗaya daga kashin ƙanana, ta ɗora a rula, ta girgiza kai.

"Bai kai ba."

Ta ɗauki wani. "Wannan ma jariri ne."

Wani ya rubuta a littafi. Wallahi har da littafi.

Mama ta riƙe haɓa. "Ke Oby, lafiyarki? Saya za ku yi ko me?"

"Mama, yi haƙuri, aiki muke. Malamarmu ta ce duk wanda ya kama jaririn kifi ya cinye abincin baɗi."

Wata mata da ta riga ta zaɓi kashi biyu ta tsaya da leda a hannu, ta dubi kifin, ta dubi yaran, ta ajiye a hankali ta wuce tana dariya. Matan layin kuwa abin nema ya samu. Wata ta ɗaga murya, "Maman Sikola, yau hukuma ta kama ki!" Mama Oby ta taso da gudu tana, "Oby, you wan kill me? Kashe ni za ki yi? Zo nan kafin in karya rular a kanki!"

Mama ba ta ɗaga murya ba, kuma wanda ya san ta ya san wannan ne mafi haɗari.

"Wace malamar ce ta faɗa muku haka?"

Ina ƙoƙarin ɓoyewa bayan buhun barkono, Oby ta juyo ta gan ni, fuskarta ta washe.

"Ga ta nan! Malama Sikola, kashi biyar muka auna, ɗaya ne kawai ya ci jarrabawa!"

'Yan uwa, da ƙasa tana da ƙofa, da yanzu daga ciki nake rubuto muku.

Felix ya yi gyaran murya ya ce, "Ai Mama, shi ya sa nake cewa in an yi biki sai ki huta da wannan sana'ar gaba ɗaya." Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma na ga yadda Mama ta dube shi ta wutsiyar ido, ta gyara kifin da yaran suka hargitsa, ɗaya bayan ɗaya.

A gida ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta yi wanka, ta sa tsohuwar rigar zumunta, ta zauna a tabarma tana gyaran alayyafo. Na durƙusa na ce, "Mama, ban aike su ba."

"Na sani."

"Ban taɓa ambaton teburinki ba."

"Na sani, Sikola." Ta ajiye wuƙar. "Kina tsammani ban san ƙanana ba ne? Ni da nake juya su a kan wuta? Abin da masu kawowa suke kawo mini ke nan. Manyan ina suke? Kuma matar da mijinta ya bar mata abin da bai kai ya kawo ba, wannan kashin ne yake sa miyarta ta yi ƙamshi. Kin koya wa yaranki wannan?"

Na sunkuyar da kai.

"Da waɗannan jariran na saya miki littafin da kika karanta cewa kada a kama su."

Ban iya cin abinci ba ranar. Ba don ta yi ƙarya ba, sai don ba ta yi ba. Ni ma kuma ban yi ba.

Washegari da yamma aka yi sallama. Malam Kefas ne, ya sa rigar da yake sawa ranar bikin girbi, ya goge ta har tana tsayuwa da kanta. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarma.

"Mama, na zo ba da haƙuri. Ajina ne, laifina ne. Na yi musu faɗa, ranar Litinin za su zo su roƙi gafara."

Mama ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai ne ka hana 'yata zama?"

"Ni ne, Mama."

"Ka iya su, kamun kifi?"

Ya gyara tabarau. "Na karanta sosai a kai."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"A'a, Mama. Ban iya ba."

"Ita ma ba ta iya ba. Kifinta duk a kwalba yake." Ta kaɓe zaninta. "An ce gobe za ku kai 'ya'yan mutane bakin ruwa. Makaho zai ja makaho. Da ni za a je."

Na ce, "Mama, gobe Asabar fa. Kasuwa."

"Na san ranakun mako."

Tun da nake, ban taɓa ganin Mama ta rufe tebur ranar Asabar ba, sai ranar jana'izar Baba.

Da safe muka cika bas ɗaya, yara goma sha takwas, muka bi ta Kwangila muka nufi Samaru. Mama a gaba, da ɗaurin ƙirji a kan tsohuwar riga, da silifas, da wani dogon ƙunshi a buhu wanda ta hana kowa taɓawa. An yi ruwa da asuba, ciyawar bakin Kubanni duk ta jiƙe, ruwan ya yi ja-ja, ledoji sun maƙale a jikin ciyayi kamar an shanya su. Muka fara da tsince su. Buhu uku muka cika kafin Mama ta ce ya isa.

Sai Malam Kefas ya fito da fatsarsa. Aro ya yi wajen wani lakcara, irin ta Turawa mai mashin ɗin naɗe zare. Ya tsaya ya yi wa yara bayani mai kyau, ya ce a lura da yadda zai yi. Ya ja baya, ya wurga da ƙarfi.

Ba abin da ya faɗa ruwa.

Ya ja, ya ji nauyi, ya ce, "Kun gani?" Ya ƙara ja. Sai muka ji kyaaat. Ƙugiyar ta kama bayan wandonsa.

Oby ta matso da rularta cikin natsuwa. "Malam, wannan ya wuce rabin rula. Ba sai an mayar ba."

Na zauna a ƙasa don dariya. Shi ma dariyar yake, hannu ɗaya a baya. Mama ta cire mayafin da ta yafa ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. Haka ya ƙarasa ranar, malamin aji biyar da ɗaurin zani.

Sannan ta kwance buhunta. Sandunan gora ne guda shida, sun yi baƙi don tsufa, da zare da ƙugiyoyi da 'yan gutsuren ɓawon rama na alama. Ta sa yara suka tono tana a gindin ayaba. Ta nuna musu yadda ake soka ta, da inda ake tsayawa don kada inuwar mutum ta faɗa ruwa.

"Mama, ina kika samo waɗannan?" na tambaya.

"Na babana ne. Masunci ne a bakin Galma. Ba ki taɓa tambaya ba."

Ba ta yi minti goma ba ta fizgo tarwaɗa kamar damtsen hannuna. Yara suka yi ta tsalle. Can kuma alamar Oby ta nutse, ta ja da ihu, sai ga 'yar karfasa tana walƙiya, ba ta fi yatsu uku ba. Kowa ya tuna kasuwa. Oby ta dubi kifinta na farko a duniya, ta dubi Mama, idonta ya kawo ruwa.

"Ajiye rular nan," Mama ta ce. "Jiƙa hannunki tukuna, busasshen hannu yana ƙona su." Ta kama hannun yarinyar, suka zare ƙugiyar tare. "Babana da taƙi yake awo. In bai kai ba, sai ya ce masa, je ka gaishe da uwarka, ka dawo baɗi. Kuma in ruwa ya fara sauka, sarkin ruwa yakan hana kowa jefa taru har wata biyu, don kifi na ƙwai. Wanda ya karya, a ƙwace tarunsa. A lokacin, kifi ɗaya sai mutum biyu su ɗauko shi."

Oby ta sa hannu a ruwa ta buɗe. "Je ka gaishe da uwarka," ta ce da muryar kuka.

"Yauwa. Amma ku ji nan, 'yan hukuma." Mama ta nuna su da sanda. "In kifi ya hau teburina ya riga ya mutu, rularku ba ta tashe shi. A nan ake awo, ba a kasuwa ba. Gidan sauron iyayenku kuma ku bar shi a kan gado."

"To, Mama!"

Ta juyo gare ni, ta rage murya. "Ranar Talata matan layinmu suna taro. Ki zo da tulin yashinki. In mu duka muka ce ba ma karɓar na gidan sauro, masu kawowa za su canja raga. In ni kaɗai ce, teburin gaba za su kai." Ta gyara riƙon sandar. "Ba alkawari na yi ba. Kuma kada ki zo mana da Turanci."

Na gyaɗa kai.

A hanyar dawowa ni da ita muka zauna a gaba. Ta daɗe tana kallon titi, sai wajen Hanwa ta ce, "Malamin nan naki."

"Ba nawa ba ne, Mama."

"Ko kaza ba zai iya kamawa ba."

"Haka ne."

"Amma sau uku ya ƙirga yaran nan kafin mota ta tashi. Da na tambaye shi ko ya iya su, bai yi mini ƙarya sau biyu ba. Kuma ya ci tarwaɗar da na gasa har kai, bai nemi hankici ba."

Na juya ina kallon taga. Na dai ji kunnuwana sun yi zafi.

Da muka isa gida wajen la'asar ta ce in ba ta wayata, katinta ya ƙare, za ta kira Maman Felix. Na miƙa mata na shiga wanka, duk jikina taɓo da ƙarnin kifi. Na daɗe a ciki ina waƙa. Da na fito na tarar da wayar a kan tebur, tabaran karatun Mama a gefenta. Mama ba ta sa tabarau don kira.

Na duba. Saƙo ya shigo daga Malam Kefas, kuma an riga an buɗe shi.

"Sikola, yau na zubar da mutuncina gaban yara goma sha takwas, don haka ba sauran abin da zan ji tsoro. Tun ranar da na hau benci na zama hadari nake son in gaya miki: ba don kifi kaɗai nake jiran Alhamis ba. Ina son ki. In ban kai awo ba, ki faɗa mini a hankali."

Na zauna a hannun kujera da tawul a kai, na karanta, na sake karantawa. Sai wani abu ya ce mini, duba wajen saƙon da aka aika. Na duba. Da manyan baƙaƙe, yadda Mama take rubuta sanarwar zumunta:

"BA SIKOLA BA CE. UWARTA CE. IRIN WANNAN MAGANA BA A WAYA AKE YIN TA BA. KA ZO GOBE BAYAN SUJADA. KA SA WANI WANDON."

A ƙasa kuma amsarsa, kalma biyu: "To, Mama."

Na ruga kicin. Tana tsugune tana wanke shinkafa a babbar roba, wadda ba a fito da ita sai Kirsimeti.

"Mama! Me kika yi?"

"Na amsa saƙo. Rashin ladabi ne a bar mutum yana jira."

"Gobe fa kika ce masa!"

"Gobe. Na kira Maman Felix ma, ita da ɗanta za su zo cin abincin rana." Ta tsiyaye ruwan, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Shekara ashirin da biyu ina kasuwa, Sikola, ban taɓa ganin wanda ya zaɓi kifi ɗaya a Kaduna ɗaya a Zariya ba. A tebur ɗaya ake jera su, mai saye ta duba da idonta. Miƙo mini albasa."